Saƙar Tsinke Biyu: Jagora Ga Mai Son Sake Sabon Lale

Da yawa daga cikin masu neman a koya musu saƙa ba 'yanmata ba ne. Akwai wadda aurenta ya mutu, ta dawo gidan iyaye da akwatunanta, tana jin nauyin buɗe baki ta tambayi kuɗin sabulu. Akwai mai takaba, wata huɗu da kwana goma a gida, 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa, an bar ta da dogon wuni. Akwai malamar makarantar da ta yi ritaya, hannunta bai saba zama haka kawai ba, da amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba. Idan kina cikin waɗannan, 'yar'uwa, da ke nake magana, kodayake duk mai sha'awa, mace ko namiji, zai iya bin abin da zan faɗa.

Ina da dalilin da ya sa nake fara nuna wa irin waɗannan mata saƙa kafin kowace sana'a. Jarinta kaɗan ne, tsinke biyu da dunƙulen zare. Ba ruwanta da wutar lantarki, ba ta neman shago, ba ta da ƙarar da za ta ta da mai barci. Kina iya ajiye ta ki tashi ki yi salla ko ki duba tukunya, ki dawo ki tarar da ita inda kika bar ta. Abin da ya fi duk waɗannan shi ne: telan da ya yanka yadi ba daidai ba ya yi asarar yadin, amma mai saƙa idan ta ɓata, warwarewa take yi, zarenta yana nan cif, ta sake ɗorawa. Ga wadda ta riga ta ɗanɗana asarar da ba ta dawowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wasu suna ɗaukar saƙar tsinke a matsayin aikin matan Turawa, domin ta hanyar makarantu da ajin koyar da aikin gida ta yaɗu a ƙasarmu. Amma tsofaffin safa saƙaƙƙu da masu bincike suka samu, a Masar aka tono su, na auduga, shuɗi da fari, waɗansu har da adon da ya yi kama da rubutun Larabci, kuma sun kai shekaru ɗaruruwa kafin wani Baturen Ingila mai suna William Lee ya ƙera injin saƙar safa a 1589. Don haka ki riƙe tsinkenki ba tare da jin kin ari kayan wani ba.

Kayan aiki

Tsinkayen saƙa suna da lamba, kuma lambar tana rikita sabon shiga. Na zamani ana rubuta kaurinsu da milimita: 3, 3.25, 4, 5. Tsofaffin da za ki iya gada a akwatin inna ko ki samu a hannun masu kayan gwanjo, da yawansu lambar Ingila ce a jikinsu, wadda ita kuma a juye take, wato idan lamba ta ƙaru tsinke sirancewa yake yi. Lamba 8 ita ce milimita 4, lamba 10 ita ce milimita 3.25, lamba 6 kuma milimita 5. Don aikin da za mu yi, ki nemi milimita 4 guda biyu, da milimita 3.25 guda biyu. Idan kuɗinki bai kai ba, na 4 kaɗai ya isa. Ki shafa bakin tsinken da yatsa tun a gaban mai kaya. Idan akwai kaushi ko ɗan tsagu, ki bar masa, domin zai riƙa tsage miki zare.

Sai kwarashi ɗaya, ba don saƙa da shi ba, don ceto idon da ya suɓuce. Sai almakashi, da tef ɗin awo irin na tela, da allura mai faɗin kafa wadda bakinta ba shi da tsini, da ƙaramin littafi da biro. Littafin nan kada ki raina shi, zan dawo kansa.

Zare kuwa, kusan duk abin da ake kira ulu a kasuwanninmu ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake kira akirilik. Ba laifi ba ne: yana da araha, yana jure wanki, kuma ba ya cika sa wa jariri ƙaiƙayi. Amma ya kamata ki san abin da ke hannunki. Ki gutsuri ɗan guntu ki kusanta shi da ashana. Ulun gaske yana warin ƙonannen gashi, ya bar toka mai murmushewa. Auduga tana ci kamar takarda. Akirilik kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri. Wannan gwaji yana da darasi mai muhimmanci ga lokacin sanyi, lokacin da ake shigar da kaskon wuta ɗaki: yaron da ke sanye da rigar akirilik kada ya matsa kusa da garwashi, domin idan ta narke manne wa fata take yi. Ki riƙa gaya wa duk wadda ta sayi kaya a hannunki.

Ki fara da zare mai matsakaicin kauri, mai launi mai haske: ruwan madara, ruwan ƙwai, shuɗi mai haske. Baƙi da shuɗi mai duhu suna ɓoye idanun saƙa, ga shi sau da yawa da fitilar caji za ki yi aikin dare. Ki guji zare mai gashi-gashi ko mai ƙyalli tukuna. Kuma idan aikin zai ci dunƙule fiye da ɗaya, ki saye su rana ɗaya, ki duba takardar da ke naɗe da su ki tabbatar lambar rininsu ɗaya ce. Launi ɗaya daga rini daban-daban yakan saɓa, ba za ki gani a shago ba sai kin fito rana da rigar da aka gama. A Kano masu zare suna nan a Sabon Gari da Ƙofar Wambai; a sauran garuruwa ki nemi layin masu kayan ɗinki.

Ki sami roba mai zurfi ko jakar yadi ki jefa dunƙulen a ciki yayin aiki. Zaren da ya gangara tsakar gida da hunturu, kafin ki ankara ya kwashi ƙura, ko ɗan rarrafe ya kai shi baki.

Ido, gaba da baya

Kowane ɗan zagayen zare da ke zaune a kan tsinke, shi ne zan riƙa kira ido. Idan kika saƙe idanun da ke kan tsinke ɗaya kaf suka koma ɗayan, kin yi layi ɗaya.

Ki bar jelar zare kamar taƙi ɗaya, ki yi ƙullin zarge, irin wanda yake tsukewa idan an ja shi, ki sa shi a tsinken hagu. Kada ki shaƙe shi, ki bar shi yana iya zamewa. Wannan shi ne idonki na farko. Yanzu ki cusa bakin tsinken dama cikin idon nan daga gaba, ya fita ta bayan na hagu, tsinkayen biyu su gitta. Ki ɗauki zaren da ke fitowa daga dunƙule, ki kewaya bakin tsinken dama da shi, ya bi ta ƙasa ya shigo tsakanin tsinkayen biyu. Ki jawo bakin tsinken dama zuwa gabanki a hankali, yana ɗauke da zaren, ta cikin idon farko. Sabon ido ya fito. Ki ɗan ja shi ya yi tsawo, ki rataya shi a kan tsinken hagu. Kin sami biyu. Ki cusa cikin na biyun ki maimaita, haka har ki tara ido 20; wannan shi ne ɗora ido.

Idan kin iya wannan, kin riga kin iya saƙar gaba, domin motsin ɗaya ne. Bambancin kawai, sabon idon ba za ki mayar da shi hagu ba. Ki bar shi a tsinken dama, ki zame tsohon daga bakin na hagu ya faɗi. Cusa, kewaya, jawo, zame. Idan idanun sun ƙare, ki mayar da cikakken tsinken hannun hagu, wanda ya zama fayau ya dawo dama, ki sake farawa.

A nan ne mutane suke karaya, don haka bari in tsaya. Ranar farko yatsunki za su ƙage. Za ki damƙe tsinke kamar za a ƙwace miki, kafaɗunki su hau kunne, idanun su matse har bakin tsinke ya ƙi shiga. Za ki fara da 20, ki ƙirga bayan layi biyar ki ga 23, ga rami a tsakiya ba ki san daga inda ya fito ba. Kowa ta nan ya bi. Matsewar tana zuwa ne daga abu biyu: jan zare bayan kowane ido, da yin saƙar a kan siririn bakin tsinke. Ki riƙa tura sabon ido ya hau jikin tsinken sosai, inda kaurinsa ya cika, shi ne zai ba shi girmansa. Ƙaruwar ido kuma yawanci a farkon layi take faruwa: idan kika ɗaga zaren ta saman tsinke, idon farko yakan baje ya yi kamar biyu, ki saƙe su duka. Kafin ki fara kowane layi, ki ja zaren ƙasa, ki duba da kyau, sannan ki ƙirga idanunki a ƙarshen kowane layi har sai hannu ya faɗa.

Saƙar baya ita ce kishiyar ta gaba. Zaren ya kasance a gabanki. Ki cusa tsinken dama cikin ido daga dama zuwa hagu, ya tsaya a gaban na hagu. Ki ɗora zaren ta samansa ki kewayo, ki tura bakin tsinken baya ta cikin idon, ki zame tsohon. Takan fi ba da wuya kwana biyu, daga nan ta bi hannu.

Duk wani ado da kika taɓa gani a jikin suwaita, daga waɗannan biyun aka gina shi. Gaba a kowane layi tana ba da saƙa mai gurgu-gurgu wadda ba ta naɗewa, mai kyau ga bargon jariri. Layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, shi ne saƙa mai sumul ta jikin riga, fuskarta kamar an jera ƙananan bakwai na Larabci; ita tana naɗe baki, kuma halinta ne, ba kuskurenki ba. Ido ɗaya gaba, ido ɗaya baya a cikin layi guda, shi ne baki mai miƙewa da ake sa wa wuya da hannun riga da gindin hula. A wannan na ukun, ki tuna wuce da zaren ta tsakanin tsinkayen, gaba ko baya, kafin kowane ido.

Rufewa ba ta da wuya. Ki saƙa ido biyu, ki ɗaga na farkon da bakin tsinken hagu, ki tsallakar da shi kan na biyu ya faɗi. Ki saƙa wani, ki sake tsallakarwa. Idan saura ɗaya, ki yanke zare ki zura jelar ciki ki ja.

Awo kafin aiki

Wannan mataki shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya raba mai saƙar da ake komawa wurinta da wadda ake saya sau ɗaya don kunya. Hannun kowa daban ne. Mata biyu za su ɗauki zare ɗaya da tsinke ɗaya, su ɗora ido 70, hular ɗaya ta shiga kan jariri, ta ɗayar ta shiga kan ɗan shekara biyu.

Ki ɗora ido 30 a tsinken milimita 4, ki yi saƙa mai sumul har ta kai tsawon tafin hannu. Ki shimfiɗa ta a kan tabarma ba tare da ja ba, ki ɗora tef a tsakiya, ki ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10, wato inci 4. Zare mai matsakaicin kauri yakan ba da kimanin 22. Idan kin sami fiye da haka, hannunki ya matse, ki nemi tsinken da ya fi kauri. Idan ƙasa da haka ne, ki koma siriri. Ko kuma ki bar hannunki yadda yake, ki yi lissafi da abin da kika samu: idan ido 20 ne a santimita 10, to kowace santimita ido biyu ce, abin da ke da faɗin santimita 32 zai ci ido 64. Ki rubuta a littafinki: sunan zare, lambar tsinke, yawan ido. Wata shida nan gaba idan aka ce a yi irin waccan, ba za ki tsaya kame-kame ba.

Hular jariri

Na zaɓi hula ta zama aikinki na farko domin tana ƙarewa da wuri, kuma abu ne da ake buƙata da gaske. Jariri yana saurin rasa ɗumin jikinsa, bakwaini ma ya fi, shi ya sa a asibiti idan aka kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata, ake sa masa hula da safa. Kada ki fara da shawul ko bargo. Aikin da ke cin wata biyu yana kashe zuciyar sabon shiga, kuma ke a yanzu kina buƙatar ganin abin da kika fara ya kammala a hannunki.

Kan jaririn da aka haifa a cikakken wata yakan kai santimita 34 zuwa 35 a kewaye. Hula kan ɗan gaza kai kaɗan don ta kama, saboda haka muna neman kimanin 32. Lissafin da ke tafe na mai ido 22 ne a santimita 10. Dunƙule ɗaya mai giram 50 ya isa har da saura.

Ki ɗora ido 74 a tsinken milimita 3.25. Na farko da na ƙarshe na ɗinki ne, 72 na tsakiya su ne hular. Ki yi ɗaya gaba ɗaya baya a kowane layi har santimita 3. Sai ki ɗauki tsinken milimita 4 ki ci gaba da shi, layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, har tsawon aikin tun daga gindi ya kai santimita 9. Ki tsaya bayan layin baya.

Yanzu sai rage kai. Ragi shi ne cusa tsinke cikin ido biyu lokaci ɗaya ki saƙe su su zama ɗaya. A layin gaba, ki saƙa idon ɗinki, sannan ki saƙa 6 ki haɗe biyu, 6 ki haɗe biyu, har sau 9, ki rufe da idon ɗinki na ƙarshe. Ki ƙirga, za ki ga 65. Ki dawo da layin baya ba ragi. Layi na gaba ki saƙa 5 ki haɗe biyu, saura 56. Haka za ki riƙa sauka, kullum da layin baya a tsakani: 4 ki haɗe, saura 47, 3, saura 38, 2, saura 29, 1, saura 20. A na ƙarshe ki haɗe biyu-biyu sau 9 tsakanin idanun ɗinkin, saura 11. Idan kin kalli aikin a nan za ki ga layuka tara sun karkata sun nufi tsakiyar kai. Idan ɗaya ya kauce, ƙirga ce ta kuɓuce a wurin, ki koma ki gyara.

Ki yanke zaren ki bar jela kamar kamu ɗaya. Ki zura ta a allura, ki bi da ita cikin idanu 11 ɗin, ki zare tsinke, ki ja su tsuke. Ki sake bi sau ɗaya don ƙarfi. Da ragowar jelar ki ɗinke bayan hular daga sama zuwa ƙasa, kina kama ido ɗaya daga kowane gefe, ba tare da matsewa ba, don kada ɗinkin ya yi tudun da zai danne kan yaro. Ki ɓoye bakin zaren cikin saƙar ta ciki, ki datse.

Abin jarirai yana da ƙa'ida. Ban da maɓalli ko duwatsun ado da za su iya cirewa su shiga baki. Ban da doguwar igiya a wuya. Idan kin kai ga yin safa, ki juya cikinta ki tabbatar ba zaren da ke lilo, domin yana iya naɗe ɗan yatsan ƙafa ya hana jini gudu, yaro yana ta kuka an rasa dalili. Kuma ki gaya wa mai jego ta cire hular idan ɗaki ya yi ɗumi ko jikin yaro ya yi zafi.

Wanki da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi, a matse a hankali ba murɗawa, a shanya a kwance a inuwa. Idan aka rataya saƙa tana jiƙe, nauyin ruwa yana ja ta ta zube. Dutsen guga kuwa kada ya taɓa akirilik.

Idan an ɓata

Idon da ya suɓuce yakan gangara ƙasa ya bar zaruruwa a kwance kamar matakala. Kada ki firgita ki ja aikin. Ki juyo fuskar mai sumul, ki kama idon da kwarashi, ki jawo zaren da ke kwance a samansa ta cikinsa, sannan na gaba, ɗaya bayan ɗaya, har ki iso sama ki mayar da shi kan tsinke. Idan kuskuren ya yi nisa, ki zare tsinken gaba ɗaya, ki warware zuwa layi ɗaya kafin wurin, sannan ki kwashe idanun da siririn tsinke kina warware layin ƙarshen ido-ido. Ra'ayina a nan ba ya canzawa: kuskuren da kika gani, ki warware shi, ko da aikin wuni ne. Mai saye za ta gani, ko ba ta gani ba ke kin sani, kuma hannun da ya saba wucewa kan ɓarna da wuya ya daina.

Wannan warwarewa ita ce kuma hanyar samun zare ga wadda ba ta da jari. Suwaitar gwanjo babba tana iya ba ki zaren huluna da yawa, wani lokaci ma ulun gaske wanda ba za ki samu a shago ba. Sai dai ba kowace ake saye ba. Ki juya cikinta ki duba ɗinkin gefe. Idan kin ga bakuna biyu lafiyayyu an haɗe su da ɗinki mai kama da sarƙa, ta yi. Idan kuwa an yanka saƙar ne aka bi bakin da keken da ke daje gefen yadi, ki ajiye ta, domin guntu-guntu za ta ba ki. Wadda ta cure ta yi tauri saboda wankin ruwan zafi ita ma ba ta warwaruwa. A gida ki farke ɗinkin, ki raba gaba da baya da hannuwa, ki fara warwara daga sama, wajen kafaɗa. Zaren zai fito a lanƙwashe. Ki naɗe shi a bayan kujera ya zama babban zobe, ki ɗaure shi wuri huɗu, ki jiƙa a ruwan sabulu mai ɗumi, ki ɗauraye, ki rataya a inuwa. Akirilik ya fi miƙewa da tururi: ki riƙe shi sama da tukunyar da ke tafasa, nesa kaɗan, kina kiyaye hannunki.

Daga sha'awa zuwa sana'a

Gaskiya ɗaya zan gaya miki don kada ki ɗora buri inda zai karye: saƙar hannu ba za ta riƙe gida a shekarar farko ba. Kasuwa cike take da kayan sanyi na kamfani da na gwanjo masu araha, ba za ki iya gasar farashi da su ba, kada ma ki gwada. Abin da kike da shi wanda ba su da shi, shi ne aiki a kan awo, launin da mai kaya ta zaɓa, da ƙarko. Kakar da ke son saitin hula da safa da riga na ranar suna, wanda ba za a ga irinsa a jikin ɗan kowa ba, ita ce mai sayenki.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Sanyi yakan shigo daga ƙarshen Nuwamba ya kai Fabrairu, a Jos da kewayenta kuwa ana neman kayan ɗumi har da damina. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda ke son cin kasuwar hunturu, tun Agusta take tara kaya. Da bazara ki koma zaren auduga, ko ki koyi kwarashi ki yi jakunkuna da kayan ado, hannu dai kada ya huce.

Wajen sa farashi, ki haɗa kuɗin zare, da na mota zuwa kasuwa, da ladan lokacinki. Na ukun nan shi mata suke mantawa, su sayar da aikin kwana uku a kan kuɗin zare da ɗan canji, daga baya su ce saƙa ba riba. Duk wadda ta ba da aiki ta ba da kafin alƙalami da zai sayi zaren. Bashi kuwa, musamman na dangi, shi ne ke cinye ƙaramin jari. Ki yi kyauta idan kin yi niyyar kyauta, ki sayar idan sayarwa ce, kada ki bar abin a tsakani. Ki ware uwar kuɗi daban, ko da a gwangwani ne. Hoto mai kyau da hasken safiya a kan farin zane, ki sa a WhatsApp, ya isa talla a farko.

Injin saƙa zai zo a lokacinsa, domin da shi ake yin suwaitar 'yan makaranta da yawa. Kada ki ci bashi dominsa tun ba ki san awo da ragi ba. Yawancin na kamfanin Brother da ke yawo a kasuwa na hannu ne, domin kamfanin ya daina ƙera su. Idan lokacin ya yi, ki tafi da wadda ta san inji, a gwada shi a gabanki, a duba alluransa da dogon soson da ke danne su, wanda yakan mutu idan inji ya daɗe a ajiye.

Ke kanki

Saƙa tana da daɗin zama, kuma a nan haɗarinta yake ga mai ɗauke da damuwa: tana iya zama dalilin ƙin fita da ƙin magana. Kada ki bari. Ki fito da ita tsakar gida inda ake hira. Ki nemi ajin mata na unguwarku ko cibiyar koyar da sana'a ta ƙaramar hukuma, domin abin da ido zai ɗauka a zama ɗaya kusa da gwana, rubutu ba zai ba ki shi a mako ba. Kada ki yar da sauran abubuwan da ke faranta miki: Islamiyya, karatun littafi, shukar da kike ba ruwa a bayan ɗaki, ziyarar 'yan'uwa. Rediyo abokin saƙa ne na gaske, kunne yana can hannu yana nan. Kowane rabin sa'a ki ajiye tsinke, ki miƙe, ki murza yatsu da wuya, ki kalli nesa. Idan wuyan hannu ya fara zugi ko yatsu suna mutuwa, ki huta kwana biyu. Idan kuma baƙin cikin ya hana ki barci da abinci makonni suna wucewa, wannan ya wuce aikin zare, ki gaya wa wanda kika yarda da shi, ki ga likita.

Ba kuma kowane abu za ki sayar ba. Cikin ayyukanki ki ware ɗaya na kanki, launin da ke kike so, ba wanda ya ba da aikinsa, ba ranar da ake jira.

Hularki ta farko ba za ta yi kyan ta goma ba, amma idan kin bi awo za ta shiga kai, kuma za ta yi ɗumi. Ki wanke ta, ki kai wa mai jegon da ta fi kusa da ke, ki roƙe ta ta gaya miki gaskiya inda ta matse da inda ta yi sako-sako, ki rubuta a littafinki kafin ki ɗora ta biyu. Allah ya sa wa hannunki albarka.